Kunnen da Kawunsa Ya Hura

Asabar, 3 ga Agusta, da yamma

Mun sauka Lifou. A ƙofar otal aka rataya mana furanni a wuya, aka miƙo ruwan gwanda mai sanyi, wai barka da zuwa tsibirinmu, Madam. Ji wani iko! Ni da aka binne cibiyata a gindin kwakwa can bayan dutsen nan, yau ni ake wa barka da zuwa. Na karɓa, na yi godiya da Faransancin mutanen Nantes.

Marcelline ce a teburin karɓar baƙi, 'yar baffana, wadda muka yi wasan ƙasa tare. Ta dube ni, ta dubi shuɗiyar jakar da ke kafaɗar mijina Didier, ta miƙo makulli. Ko sunana ba ta kira ba.

Didier ya ce hutu muka zo. Likita ya ce mu huta, shi kuma sarkin bin doka ya kama ɗaki mai kallon teku har sati uku. Kujeru uku ne a baranda. Ya ɗora jakar a kan ta uku, ya juya ta tana fuskantar ruwa.

Ɗanmu Bastien ne a cikin jakar, a cikin wani tulun ƙarfe da bai fi butar shayi ba. Na rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Lahadi, 4 ga Agusta, da hantsi

Ƙararrawar coci. Iska ta kawo waƙar har ɗaki, da yarenmu, na ma gane muryar wasu. Na rufe taga.

Litinin, 5 ga Agusta, da yamma

Didier ya tsara hutun nan tsaf. Yau gonar vanila, gobe kogo, jibi kallon manyan kifayen nan da ke zuwa haihuwa a wannan watan. Ya yi wa mai gonar tambayoyi har mutumin ya fara kallon ƙofa. Jakar na kafaɗarsa, tana rinjayarsa gefe ɗaya, yana tafiya a karkace. Na ce ya ba ni in riƙe masa. Ya ce ba ta da nauyi.

A hanyar dawowa duk an sa wa gonakin doya wuta, lokacin sharar gona ne. Hayaƙi ta ko'ina. Na ce ya tsaya, na fita na yi amai a bakin titi. Ya ce ko kifin jiya ne. Na ce kifin ne.

Mun wuce mararrabar ƙauyenmu. Bai rage gudu ba, ni ma ban ce ya rage ba.

Talata, 6 ga Agusta, da rana tsaka

Didier ya tafi kogo, na ce kaina na ciwo. Sai ga Marcelline da tawul a hannu, aikin da ba nata ba. Ta tura ƙofa da ƙafa ta zauna a bakin gado.

"Honorine, ke yanzu Baturiya ce ko? Ki kwana a otal, gidan ubanki na can?"

"Hutu muka zo."

"Hutun uwar wa? Duk tsibirin nan an san abin da ke cikin jakar nan tun kafin jirginku ya tsaya."

Na tambaye ta Yaya Sipa. Sipa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a gidanmu yanzu. Tun watan Maris bai ɗaga wayata ba.

Ta ce a watan Maris ɗin, da labarin rasuwar Bastien ya zo, da hannunsa ya haƙa masa rami kusa da kabarin Baba. Aka yanka sa, aka kafa rumfa, dangi suka zo har daga tsibirin Maré da tabarmi da doya. Yaya ya yi ta zirga-zirga zuwa filin jirgi yana jiran akwati. Sai waya ta zo wai babu akwatin da zai zo, an riga an ƙona gawar.

Haka ta faɗi kalmar, kai tsaye, tana ninke tawul.

"Ramin fa?" na ce.

"Yana nan. Ya rufe shi da kwano ya ɗora duwatsu. Fasto ya yi magana, sarki ya yi magana, amma Sipa ya ce wanda ya zuba ƙasa ko cikin cokali a ramin nan, shi da shi ne."

Talata, da yamma

Ranar da na haifi Bastien a asibitin garin Wé, Yaya ya zo daga gona ko ƙafa bai wanke ba. Shi ne kawu, shi zai hura wa jariri numfashi a kunne, kamar yadda kawunmu ya hura mana. Uba yana ba da suna da ƙasa, amma jini da numfashi na gidan uwa ne, aro ake bayarwa. In rai ya yi halinsa, dangin uba su mayar wa kawu da gawar, ya rufe idon, ya karɓi abinsa.

Ya ɗaga yaron ya fashe da dariya. "Kai! Wannan kunnen Bature, ko makaho aka aiko hurawa ba zai ɓata hanya ba!" Didier ya yi jajir har wuya, domin kunnensa ne sak, fatofato, kamar hannun kofi. Yaya ya sunkuya ya hura. Yaron ya yi atishawa.

Didier yana wurin. Ya gani da idonsa, ya ma ɗauki hoto.

Laraba, 7 ga Agusta, da safe

Jakar na kan kujera. Ya zuba kofi uku, ya farga, ya shanye biyu.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan kasuwa

Na je kasuwar Wé ni kaɗai cikin wando. Duk matan suna cikin dogayen rigunansu masu furanni, ni ce kawai kamar 'yar yawon buɗe ido. Léonie matar Yaya na bayan tulin doya da gwaza. Na yi niyyar wucewa, ta daka min tsawa.

"Madam! Zo ki sayi doya, ko a Faransa an hana ku ci?"

Na je. Ta rungume ni har ƙasusuwana suka yi ƙara, tana kuka tana zagina. Ta ce na rame kamar sandar rake. Na ce ta roƙar min Yaya in zo in gan shi.

"Ke ba ki da laifi a wurinsa, an ce kina kwance a asibiti ba ki san inda kanki yake ba. Kuma ba ke za ki zo ba. Ke 'yar gida ce, me za ki mayar wa gidanku? Uban yaro shi ne mai mayarwa. Ya shigo da ƙyalle da taba kamar kowa, ya sunkuyar da kai, ya yi magana."

"Didier ba zai iya ba."

"Ya iya aurenki ai. Ranar nan da ya zo neman ki, wa ya riƙe masa baki?"

Ta cusa min doya guda a jaka. Me zan yi da ɗanyar doya a ɗakin otal? Tana ƙarƙashin gado.

Asabar, 10 ga Agusta, da yamma

Yau ya faɗa min ainihin abin da ya kawo mu. Muna cin abinci, ana kaɗa jita a bakin ruwa, ya ce kafin mu koma zai ɗauki hayar kwalekwale mu je gaɓar nan da Bastien ya koyi iyo, mu watsa tokarsa a teku. Mu biyu kawai. Ya ce zai yi kyau.

Na ce, "Akwai rami yana jiransa."

Ya ce, "Ɗana ne, Norine."

Na ce, "Numfashinsa ba naka ba ne."

Ya ajiye cokali. Ya ce shi ya yi masa wanka yana jariri, shi ya koya masa keke, shi aka kira a waya ranar nan, shi ya je ya gani. Ina Sipa yake a lokacin? Sipa yana gonar doya. Turawan teburin kusa suna satar kallonmu.

Na tsane shi a wannan lokacin, tsana ta gaske. Kuma gaskiya ya faɗa.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ba mu yi magana ba.

Litinin, 12 ga Agusta, da hantsi

Ba mu yi magana ba. Hayaƙi.

Laraba, 14 ga Agusta, da yamma

Na yi dariya yau, Allah ya yafe min. Didier ya zagaye masu kwalekwale kaf. Na farko injinsa ya lalace. Na biyu injinsa ya lalace. Na uku yana zaune a cikin kwalekwalen, inji na ruri, ya dubi Didier ido cikin ido ya ce, "Wayyo Maigida, tun jiya ya ƙi tashi."

Ya dawo yana huci wai wane irin tsibiri ne wannan. Na ce masa tekun ma da masu shi. Kowace gaɓa ta wani gida ce, wadda yake so kuwa ta gidanmu ce, ko kifi ba a kamawa a can sai Yaya ya sani. Shekara ashirin da wani abu yana aure da ni, yana zaton ruwa na kowa ne.

Ya ce to zai je da ƙafa.

Alhamis, 15 ga Agusta, da sassafe

Na farka kujera ta uku babu komai. Motar ma babu.

Alhamis, da la'asar

Marcelline ta kai ni gaɓar a motarta. Tun daga saman dutse na hango shi, tsaye cikin ruwa har ƙugu, da riga da wando da takalmi, ya rungume tulun a ƙirji. Na gangara ina tuntuɓe, ina ihu da yarenmu, na manta ba ya ji. A raina na ce in na tarar ya buɗe, aurenmu ya ƙare a cikin ruwan nan.

Bai buɗe ba. Hannunsa na kan murfin, ya yi fari fat don sanyi. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake tsaye.

"Na kasa," ya ce. "In na watsa shi, ina zan je in same shi?"

Na ja shi zuwa yashi. Muka zauna. Sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba tun Maris. Ya ce, "Ni na gan shi, Norine. Ban so ki gan shi haka ba. Ban so kowa ya buɗe akwati ya gan shi haka ba. Na san Sipa zai buɗe."

Ban tambaye shi abin da ya gani ba. Ba zan taɓa tambaya ba.

Can ya share hanci da hannun riga ya ce, "Wane irin ƙyalle ake saya?"

Juma'a, 16 ga Agusta, da yamma

Mun saya a kantin Wé. Ya ɗauko wani mai hoton kifi da rana, na masu yawon shaƙatawa, na fizge na mayar. Na zaɓi shuɗi mai duhu, da taba, da ashana. Na ciro doyar Léonie daga ƙarƙashin gado. Sai yanzu na gane dalilin da ta ba ni.

Na koya masa a baranda. Ka sunkuya a ƙofar bukka, ka cire hula. Ka ajiye kayan a tabarma, kada ka miƙa a hannu. Kada ka kalli idonsa. Ka ƙasƙantar da kanka kafin ka ce komai. In ya ɗora hannu a kan ƙyallen, ya karɓa. In bai taɓa ba, ka tashi mu tafi, kada ka ƙara ko kalma.

Yana ta maimaitawa kamar ɗan makaranta. Ya so ya rubuta a takarda, na ce in ka fito da takarda a gaban Yaya ni da kaina zan kore ka.

Asabar, 17 ga Agusta, da la'asar

Bai taɓa ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, da safe

Jiya na kasa rubutawa.

Yaya ya tsufa. Bai aske gemu ba tun Maris, ya yi fari har ƙirji. Yana zaune a gindin ginshiƙin bukka, dattawa biyu a gefensa, mu mata muna baya wajen bango. Didier ya buga goshi a ƙofa wajen shiga, ba wanda ya yi dariya. Ya ajiye ƙyalle da taba da doya, ya ajiye tulun a kai. Ya yi maganar daidai, har inda na ce ya numfasa ya numfasa. Ya ce shi ƙarami ne a gidan nan, ya zo ya mayar da abin da aka ba shi aro, ya zo a makare, yana neman gafara.

Yaya ya dubi tulun. Sannan ya yi magana da Faransanci, don kada a ce sai an fassara.

"Didier. Ranar nan a asibiti kana tsaye. Me na hura?"

"Kunnensa, Yaya."

"To. Na hura a kunne. Na haƙa rami daidai tsawon saurayi. Ka kawo min gwangwani. Ina idon da zan rufe? Ina kunnen? Nuna min inda zan sa bakina in karɓi abina, in karɓa yanzu."

Léonie na toshe kukanta da riga. Wutar murhu na hayaƙi.

Muka kwashe kayan muka fito. A mota Didier ya ce, "Yana da gaskiya."

Litinin, 19 ga Agusta, da rana tsaka

Na je maƙabarta ni kaɗai. Kwanon ya fara tsatsa. Na ɗaga gefe na leƙa, ruwan sama ya taru a ƙasa, ciyawa ta tsiro a bangon ramin. Kabarin Baba na gefe da sababbin furannin roba.

Na zauna na zazzagi Yaya da ƙarfi, taurin kai, zuciyar dutse, mugu. Na zagi Didier. Na zagi Bastien ma, na ce kai kuma da ka jira ka yi min magana ranar nan da me zai faru? Sannan na ba shi haƙuri.

Asabar jirginmu zai tashi. In aka koma Nantes da tulun, kan kabad zai zauna kusa da talabijin har mu mutu, ramin nan kuma ya zauna a buɗe har Yaya ya faɗa ciki.

Talata, 20 ga Agusta

Jakar na kan kujera. Didier ya daina aske gemu. Ba ya zuwa ko'ina.

Laraba, 21 ga Agusta, da hantsi

Na fito wanka na same shi a gaban madubi ya juya kai gefe, yana kallon kansa. Na ce lafiya? Ya ce ina ƙyallen. Na ce Didier, ba a komawa sau biyu da ƙyalle ɗaya ba tare da an aiko ba, abin kunya ne. Ya ce kunyar da ta rage masa ba ta da yawa.

Na ce me za ka ce masa? Ya ce bai sani ba tukuna.

Laraba, da yamma

A gona muka sami Yaya, yana tada kunyar doya, ƙasar duk baƙar toka. Babu tabarma, babu dattawa, ba haka ake yi ba ko kusa. Léonie ta hango mu ta dafe kai.

Didier ya shimfiɗa ƙyallen a kan ƙasa, ya jera taba da doya da tulun. Duk abin da na koya masa ya watsar. Ya durƙusa gwiwa biyu a cikin tokar, ya cire hula, ya juya wa Yaya gefen kansa.

"Ka tambaye ni kunne, Yaya. Nasa babu, ni na sa aka ƙona. Amma kai ka ce irin nawa ne. Wannan kaɗai ya rage a duniya. Ka karɓa a nan."

Na ce a raina shi ke nan, yau Yaya zai rotsa masa kai da fartanya.

Yaya ya tsaya da fartanyar a hannu. Sai ya yar da ita, ya matso, ya kama kunnen Didier da yatsunsa masu ƙasa, ya murɗa shi gefe yana dubawa kamar mai sayen akuya.

"Mummunan kunne," ya ce. "Shi ne. Shi ne sak."

Ya sunkuya ya sa bakinsa. Bai hura ba, ja ya yi, dogon numfashi, har ƙirjinsa ya cika, ya riƙe, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya miƙe ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙyallen.



Juma'a, 23 ga Agusta, da la'asar

An sa shi. Ramin ya yi masa yawa ƙwarai, sai mata suka yi ta kawo tabarmi da ƙyallaye ana shimfiɗawa har ya taso. Yaya ne ya shiga ya ajiye shi da hannunsa. Da aka zo karɓar tulun daga hannun Didier, sai da Yaya ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. An yi waƙa. An ci doya da kaza da aka gasa cikin ganyen ayaba, Didier ya ci loma biyu don kada a ce ya ƙi.

Na ɗauka zan ji sauƙi. Abin da na ji shi ne yanzu da gaske ya mutu.

Na gaya wa Didier zan zauna sai an gama shukar doya. Ya ce to. Bai tambaye ni yaushe ake gamawa ba, ni ma ban ce za a gama ba.

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Marcelline ta kai mu filin jirgi. Ta rataya wa Didier furanni, wannan karon ba na otal ba, na bayan gidanta. Ya ce min tun ranar Laraba ba ya ji sosai da kunnen hagu. Na ce iskar teku ce, zai buɗe a jirgi.

Na ce ya bar jakar in ba Léonie ta riƙa zuwa kasuwa. Ya ce a'a.

Na tsaya a bakin waya ina kallonsa har ya kai matakalar jirgi. Jakar na kafaɗarsa, babu komai a ciki, amma har yanzu a karkace yake tafiya.